AMSOSHIN WASIƘUNKU: Mai Niyyar Kai Iyali Hutu Ghana, Ga Abin Da Ya Kamata Ya Sani

A makon jiya lokaci ya ƙure mana a gidan rediyo ba mu gama amsa tambayoyin da suka taru a kan zuwa hutu ƙasar Ghana ba, shi ya sa muka ce bari mu kawo su wannan fili, inda babu mai ɗaga mana hannu ta bayan gilashi yana nuna mana agogo.

Wasiƙar da ta fi tsawo ta fito ne daga wani malamin makarantar sakandare a Gusau. Ya ce ya yi shekara biyu yana tari, yana so in an ba da dogon hutu ya ɗauki maiɗakinsa da yara uku su je su ga Ghana, kuma yana da kawu a unguwar Aboabo ta Kumasi wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Tambayarsa ita ce: wace takarda ake nema, wace hanya ta fi, kuma ina za su sauka? Sai wata Hajiya daga Zariya da ke tambaya a kan abinci, da wani saurayi daga Maraɗi wanda shi hanyar mota ce damuwarsa.

To Malam, da farko dai ka yi zaɓi mai kyau. In Bahaushe zai fara fita waje, da wuya ya sami ƙasar da ta fi Ghana sauƙi. Kakanninmu sun daɗe suna taka wannan hanya da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu Gwanja su ɗauko goro, kuma garin Salaga ne babbar matattararsu har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa fatake zuwa Kete Karachi da Kumasi da Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Shi kansa Alhaji Alhasan Ɗantata ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya shahara a harkar gyaɗa a Kano. Saboda haka a yau duk babban garin da ka shiga za ka tarar da zango, kuma Hausa ce harshen zango, ko da mai maganar Badagombe ne ko Bamoshe ko Bazabarme. To amma fa wannan sauƙin shi ne yake yaudarar mutanenmu. Mutum ya ji ana Hausa sai ya saki jiki ya ɗauka Kaduna ya zo, ya manta cewa ƙasar wasu ce, da dokarta da kuɗinta da jami'anta. Waɗanda suka manyanta ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu, ciki har da waɗanda aka haifa a can. Mu ma a 1983 muka rama, har jakar nan mai zane ta sami sunan da take amsawa yau. Zumunci ya dawo daram, amma takarda tana nan a matsayinta.

Mu fara da takardar. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza domin shiga Ghana, albarkacin yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar zama har kwana 90. Abin da ake nema shi ne fasfo mai rai, ko kuma takardar tafiya ta ECOWAS wadda hukumar shige da fice ke bayarwa. Kowane yaro da nasa, har na goye. Na biyu shi ne katin rigakafin ciwon shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a wurin jami'ai sai ta cika kwana 10, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake zuwa nemanta ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iyakar rai, ke nan wahalar sau ɗaya ce. Kada kuma wani ya ce maka kawo kuɗi a rubuta maka kati ba tare da allura ba. Ban da cewa ana gane na jabu, yaranka ne fa za ka kai cikin dajin da sauro yake.

Abu na uku, wanda mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne hatimi. A kowace iyaka ka buɗe fasfonka da idonka ka ga an buga hatimin shiga, ka kuma karanta kwana nawa jami'in ya rubuta. A bakin iyaka akwai samari da za su tare ka su ce kawo kaza mu bi da kai ta bayan gida, ba layi ba tambaya. Lallai za ka shiga. Ranar fita ce za a tambaye ka ta ina ka shigo, kuma a lokacin wanda ya bi da kai yana can yana shan shayinsa.

Sai hanya. Jirgin sama daga Legas zuwa Akra kamar sa'a ɗaya ne, kuma kullum ana tashi. Mutum biyar a jirgi kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai cin albashi, balle a haɗa da kuɗin zuwa Legas daga Gusau. Hanyar mota daga Legas ba ta kai kilomita 500 ba, amma kada wannan lissafi ya ruɗe ka, domin iyaka uku za ku tsallaka: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo bayan an wuce Kwatano, sannan Aflawo, wadda ke manne da birnin Lome. A kowacce sai an fita daga wata ƙasa an shiga wata, ke nan hatimi shida. Yini guda cur tafiyar ke ci. Shawarata ga mai iyali ita ce ya shiga manyan bas-bas na kamfanonin da suka saba wannan hanya, irin su ABC da GUO, waɗanda ke tashi da asuba. Sun fi ƙananan motoci tsada, amma ma'aikacinsu ne ke tattara fasfo ya kai a buga, kuma ba za a sauke ku a kowace iyaka ku ɗauki kaya a ka kuna neman wata motar ba. Ku tambaya tun a wurin yankar tikiti ko kuɗin ya haɗa da na iyaka, musamman da yake fasfonku sababbi ne. Sabon fasfo wanda ba a taɓa bugawa ba yana jawo ƙarin roƙo a hanya, abin da babu shi a cikin kowace doka. A riƙe 'yan canjin sefa na sayen ruwa da burodi a Benin da Togo. Da kun shiga Togo kuma a mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, haka zai zauna har Ghana, don kada a yi ta kiran salla kuna cewa ladan ya makara.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Maraɗi da ke tambayar hanyar Yamai zuwa Wagadugu a gangara ta Paga, gaskiya ita ce a taswira ta fi kusa da arewacin Ghana, amma ba zan ba kowa shawarar ya bi da iyali ta gabashin Burkina Faso ba saboda 'yan bindiga. Ita ma gadar Gaya da Malanbil an rufe ta bayan juyin mulkin 2023, sai ya bincika halin da take ciki kafin ya ɗaura kaya. Bugu da ƙari Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, don haka mai fasfon Nijar ya fara leƙawa ofishin jakadancin Ghana ya ji abin da ake nema a wurinsa, kada ya dogara da labarin tasha.

Yanzu sai maganar masauki, kuma a nan nake so Malam ya ba ni aron kunnensa sosai. Na lura a wasiƙarka ba ka sa kuɗin masaukin Kumasi a lissafi ba, ka ce ai akwai kawu. Allah Ya ƙara zumunci. To amma ka san yadda gidajen zango suke? Yawanci gidan haya ne na tarayya, iyali guda a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, wani gidan ma sai an fita na unguwa an biya. In kuka dira ku biyar, kawu ba zai ce muku komai ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai tashi 'ya'yansa su koma kwana wurin maƙwabta, matarsa ta ci bashi a kasuwa ta yi muku girkin fita kunya, ku kuwa kuna cewa mutanen Ghana akwai karamci. Mutane sukan kawo misalin zamanin fatake, wai ai a da baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki a zango. Haka ne, amma maigidan da ke saukar da fatake shi ne dillalinsu, yana ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya ci la'adarsa. Kowa na amfana. Mai zuwa hutu kuwa ba goro ya kawo ba, ba shanu ba. Ko a addini liyafar baƙo kwana uku ce. Don haka ka buga wa kawu waya tun da wata guda, ka ce masa ya nema muku gidan saukar baƙi mai tsafta kusa da shi, kai za ka biya. Ku riƙa yini a wurinsa, ku ci tuwonsa, yara su san 'yan'uwansu, dare ya yi ku tafi makwancinku. In ya matsa ƙwarai, ku kwana ɗaya ko biyu don kada ya ji an raina shi. Kuma kada a je hannu rabbana: kilishi, da turare, da hula ko yadin shadda, duk suna da daraja a can.

A Akra kuwa kuɗin ɗaki ya danganta da unguwa. Osu da East Legon da kewayen filin jirgi na masu hannu da shuni ne, wasu otal-otal ɗin ma da dala suke lissafi. Mai matsakaicin ƙarfi ya duba Adabraka ko Kokomlemle ko Asylum Down, waɗanda ke tsakiyar gari kuma ba su da nisa da Nima, inda abincinmu da masallatanmu suke. Gidan baƙi na ƙwarai yakan rataye lasisinsa na hukumar yawon buɗe ido a wurin karɓar baƙi. In ba ka gani ba ka tambaya. Kada ka biya kuɗin mako guda a dunƙule, ko da an nuna maka hoto mai kyau a intanet. Biya na kwana ɗaya, ka shiga ka murɗa famfo, ka kunna fanka, ka duba makulli da gidan sauro, ka tambaya ko akwai janareta, sannan ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji, domin a can akan ɗora haraji iri-iri a kan kuɗin ɗaki sai an zo biya mutum ya ga lissafi ya kumbura. Wani abu kuma: ka zo da daddare ka saurara. Gidan baƙi da yawa suna haɗe da mashaya, wasu kuma suna jikin majami'ar da ake kwana ana kiɗa. Mai yara ƙanana ya san abin da nake nufi.

Lokacin da Malam ya zaɓa ma ya taimake shi. A kudancin Ghana watan Agusta sanyi-sanyi ne, ruwan sama yakan ɗan tsagaita tsakanin manyan ruwan Yuni da na Oktoba. Watan da zan ce talaka ya kauce masa shi ne Disamba. Tun bikin 2019 da gwamnatinsu ta gayyaci jikokin bayi na Amurka da sauran wurare su dawo gida, ƙarshen shekara ya zama kakar masu otal, ɗaki ya yi tsada ya kuma yi wuya.

Mu zo ga tambayar Hajiya. Ranki ya daɗe, ba za ki yi yunwa ba. Abincin da Ghana ke taƙama da shi a titi, rabinsa daga tukunyar zango ya fito, sunayen ma sun isa shaida. Waakye dai wake ne, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja, a zuba taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda, a kawo shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da mai da busasshen kifi. Da safe akwai koko, wanda su da kansu suke kira Hausa koko, da ƙosai. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo. Tsire shi ne chichinga, zoɓo kuma sobolo. Masu sayar da waɗannan galibi Musulmi ne, sai ki ji ana layin waakyen Hajiya wance. In kuma ana son a ɗanɗana na 'yan ƙasa, to ga dokunu da soyayyen kifi, ga banku da gasasshiyar karfasa, ga kelewele, wato soyayyar ayaba mai citta da barkono, wadda yara za su so.

Inda za a yi hattara shi ne gidajen sakwara da suke kira chop bar. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen ƙasar bisa ƙidayar 2021, kuma a kudu su ne 'yan tsiraru. Tukunyar miya ɗaya tana iya haɗa naman akuya da naman daji da dodon koɗi da ƙafar alade, kuma ba don mugunta ba, haka suke ci. Tambaya ba abin kunya ba ce. In an yi shakka a ce kifi, a kuma tambaya ko miyar kifin daban aka dafa ta. Ruwa kuwa a sha na leda ko na gora. A ci abinci da zafinsa, a bar ganyen da aka yanka tun safe yana shan ƙuda. A tafi da gishirin zawo da maganin zazzaɓin yara, amma duk maganin da ke da ƙarfi a haɗa shi da takardar likita, domin jami'an iyaka ba sa wasa da ƙwayoyi.

Af, Hajiya, in kika ji mai waakye ta ce miki "yarinyana ya tafi makaranta", kada ki gyara mata. Hausar can ba ta rarrabe namiji da mace, kuma su a wurinsu daidai ce. Na sha jin baƙi daga gida suna yi musu dariya a kan wannan, abin ba ya yi musu daɗi ko kaɗan, alhali su ne suka riƙe harshen nan fiye da shekara ɗari a tsakiyar Tonawa da Gā.

Zirga-zirga a cikin gari ba ta da wuya. Ƙananan bas da suke kira trotro su ne mafi araha, yaron mota na leƙowa yana kiran sunan unguwa, amma da yara uku a cunkoson safiya ba na ba da shawara. Tasi ba ta da mita, a yi ciniki kafin a shiga. Mai waya kuma yana iya kiran Bolt ko Uber ya ga kuɗin tun kafin mota ta zo. A Kumasi akwai Keke, sunansa pragya. Tsakanin garuruwa, bas na STC da na VIP su ne abin dogara. Na Kumasi a unguwar Circle ake shiga, tafiyar kilomita kamar 250 ce amma a ba ta sa'a biyar ko fiye. Motocin Cape Coast kuma a Kaneshie. A yi tafiyar rana. Wanda ya ce da motarsa zai je, to ya tanadi inshorar ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa da takardar izinin shiga da mota daga kwastan, ya kuma shirya tsayawa a shinge ba adadi.

Kuɗinsu sidi ne, pesewa 100 ke yin sidi ɗaya. A canza a shagunan canji masu lasisi, a karɓi rasit. In dala aka riƙo, sababbin takardu na 50 da 100 sun fi daraja a wurinsu. Kada a dogara da katin banki na naira sai an je banki an tambaya ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai cire. Ga wani abin da ke rikita baƙo: a 2007 sun yanke sifiri huɗu daga kuɗinsu, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1, amma har yau za ka sami tsohuwa a kasuwa ta ce maka miliyan ɗaya, alhali sidi 100 take nufi. Kada ka zabura, ka ce ta nuna maka takardar. Kuma tun daga gida a ware kuɗin komowa a ɗaure shi daban, a hannun uwargida in so samu ne, kada a taɓa shi ko kasuwar Kejetia ta yi kira da sunan mutum.

Abin gani kuwa yana da yawa, kwana goma ba za su ishe shi ba, don haka kada Malam ya ce sai ya zagaye ƙasar. A Akra akwai makwancin Kwame Nkrumah da aka sabunta a 2023, da babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, ginin Turkawa, a yi ƙoƙari a sami Juma'a a can. A Kumasi akwai gidan tarihi na fadar Manhyia. Amma in wuri ɗaya za ka kai yara, ka kai su Elmina da Cape Coast. Gidan Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kuma a ƙarƙashin waɗannan gine-gine ne ake tsare bayi cikin duhu kafin a fitar da su ta wata 'yar ƙofa zuwa jirgin ruwa. Mu da muka koyar da wannan a allo mun san bambancin ji da gani. Da yawa daga cikin bayin nan daga arewa aka gangaro da su, wasu ta kasuwar Salaga ɗin da muka ambata, kuma ya kamata yaro ya ji wannan ɓangaren ma. Kusa da nan akwai dajin Kakum mai gadojin igiya bakwai a saman itatuwa. Mai jin jiri ya jira a ƙasa. A irin waɗannan wurare kuɗin shigar baƙo ya fi na ɗan ƙasa, kada a tsaya musu. Dajin Mole mai giwaye da tsohon masallacin Larabanga suna can arewa, sun fi kyau da rani, a bar su sai wata shekara. Teku kuma a kalle shi daga tudu. Igiyar ruwan gaɓar Ghana tana ja da ƙarfi, yaron da iyakarsa wankan gulbi kada a bar shi ya wuce idon sawu.

Malam ya rufe wasiƙarsa da tambayar ko zai iya riƙa 'yan huluna da turare ya sayar ya rage kuɗin mota. In kawu ne zai karɓa ya shigar wa abokansa, wannan tsakaninku ne. Amma kada ka shimfiɗa tabarma a kasuwa. Dokarsu ta zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta ne aka yi ta rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Kai da ka ce wa jami'i hutu ka zo, ka tsaya a kan hutunka. Tsarabar komowa kuwa ba ta da matsala: sabulun salo, da cakulan ɗinsu, da ɗan yankin kente, da goro daidai na rabo, ba huhu ba.

Sauran wasiƙun da suka shafi Masar da Dubai suna nan a ajiye, za mu taɓa su a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.